DFC Prag: Kulob ɗin da ya kai wasan ƙarshe na Jamus ba tare da ya buga ko wasa ɗaya ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi jin daɗin karantawa.

Yau da tambaya zan fara. Waɗanne ƙungiyoyi ne suka buga wasan ƙarshe na farko a tarihin gasar ƙwallon ƙafa ta Jamus? Na san wani zai yi caraf ya ce Bayern Munich, wani ya ce Dortmund. To, ku kwantar da hankalinku. A 1903 aka buga wasan nan. Lokacin Bayern shekararta uku kacal a duniya, ita kuwa Dortmund ba a ma kafa ta ba sai 1909. Waɗanda suka kara su ne VfB Leipzig da wata ƙungiya mai suna DFC Prag.

Wanda ya san taswira zai ce a'a, tsaya tukuna, Prag ai ba a Jamus take ba, babban birnin Jamhuriyar Cek ne. Gaskiyarka. Kuma ko a wancan lokacin ma ba a Jamus take ba. Amma daga wannan birni aka samu ƙungiyar da ta buga wasan ƙarshe na farko na Jamus, kuma daga wannan ƙungiya aka samu shugaban hukumar ƙwallon Jamus na farko. Bayan shekara 36 da wancan wasa, sojojin Jamus suka shiga Prag, ƙungiyar ta mutu. Sunanta kulob ɗin Jamusawa, kuma masu cewa sun zo ceton Jamusawa su ne ajalinta. Labarin da za mu bi yau kenan.

Bari mu fara da garin, don in ba a gane garin ba, ba za a gane kulob ɗin ba.

A ƙarshen ƙarni na 19, Prag babban birnin yankin Bohemiya ne, a cikin daular Ostiriya da Hangari, ƙarƙashin Sarki Franz Joseph da ke zaune a Biyana. Daula ce mai tarin ƙabilu da harsuna. Lokacin da aka haɗe ƙasar Jamus a 1871, an bar Ostiriya a waje, don haka miliyoyin masu magana da Jamusanci suka ci gaba da zama a wajen iyakar Jamus. A Bohemiya sun shekara ɗaruruwa. Ba baƙi ba ne da suka zo cin rani, nan aka binne kakanninsu.

A cikin birnin Prag kansa, mafi yawan jama'a 'yan ƙabilar Cek ne, bari mu riƙa ce musu Cekawa. Masu Jamusanci tsiraru ne, zuwa 1900 ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Sai dai tsiraru ne masu ƙarfi: 'yan kasuwa, lauyoyi, likitoci, malaman jami'a. Suna da jaridunsu, da gidan wasan kwaikwayonsu, da makarantunsu. Abin ya kai a 1882 aka raba jami'ar Prag gida biyu, ɗaya ta Cekawa, ɗaya ta Jamusawa. A ta Jamusawan ne Albert Einstein ya koyar tsakanin 1911 da 1912. Shahararren marubucin nan Franz Kafka, wanda aka haifa a Prag a 1883, da Jamusanci ya yi rubuce-rubucensa.

Ga wani abu da nake so ku riƙe, domin za mu dawo kansa. Kaso mai yawa na waɗannan masu Jamusanci na Prag, Yahudawa ne. Jamusanci suke yi a gida, makarantar Jamusanci suka yi, in ka tambaye su za su ce maka su Jamusawa ne masu bin addinin Yahudanci. Kuma tun yanzu in faɗa: wannan labari ya faru ne shekaru da dama kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Mutanen da muke magana a kansu 'yan Prag ne, can aka haife su, can suke kasuwancinsu, can suke buga ƙwallonsu.

A irin wannan gari komai biyu ne, don haka da ƙwallo ta iso daga Ingila ita ma sai ta rabu biyu. Cekawa suna da Slavia da Sparta, waɗanda har yau kuke ganinsu a gasannin Turai. Su kuwa masu Jamusanci sun fara buga tasu ne a ƙarƙashin wani kulob na masu tseren kwale-kwale mai suna Regatta. Ranar 25 ga Mayu 1896 'yan ƙwallon suka tsaya da ƙafarsu, suka kafa Deutscher Fussball-Club Prag. Ma'anar sunan a sauƙaƙe: Kulob ɗin Ƙwallon Ƙafa na Jamusawa, Prag. A taƙaice DFC. Rigarsu shuɗi da fari. Yawancin waɗanda suka kafa shi matasan Yahudawa ne masu Jamusanci. Daga baya filinsu ya kasance a kan tudun Letna, wanda Jamusawa ke kira Belvedere, unguwar da filin Sparta yake har gobe.

Kuma kada ku ɗauka zaman lafiya ake yi. A watan Disamba na 1897, rikici ya ɓarke a Prag kan dokar harshen da za a riƙa amfani da shi a ofisoshin gwamnati. Masu zanga-zanga suka far wa shaguna da gine-ginen Jamusawa da na Yahudawa, sai da aka fito da sojoji. Wato kulob ɗin bai cika shekara biyu ba ya ga irin garin da aka haife shi a ciki.

To, yanzu ga mutumin da ya haɗa DFC da Jamus. Sunansa Ferdinand Hueppe. Likita ne, masanin ƙwayoyin cuta, ya yi aiki da Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar cutar tarin fuka. A 1889 ya zo Prag a matsayin farfesa a jami'ar Jamusawa. Mutum ne mai son motsa jiki, sai ya zama shugaban DFC.

Ranar 28 ga Janairu 1900, aka yi taro a wani gidan cin abinci mai suna Mariengarten a birnin Leipzig. Wakilan ƙungiyoyi 86 suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus, DFB, wannan dai da kuka sani, mai kofin duniya huɗu. Hueppe ya je a madadin 'yan Prag. A lokacin tunanin shi ne hukumar ta duk masu Jamusanci ce, ko ina suke, ba ruwanta da iyakar ƙasa. Hueppe kuwa ga shekaru, ga muƙamin farfesa, a tsakiyar matasa waɗanda jama'a ke wa kallon marasa aikin yi masu bin ƙwallon Turawan Ingila. Shi ya zama shugaban DFB na farko, ya riƙe har 1904.

Sai dai akwai wani ɓangare na Hueppe da bai kamata a ɓoye ba. Yana cikin masanan wancan zamani da suka yi imani cewa jinsin mutane hawa-hawa ne, wani ya fi wani tun daga jini, kuma ya rubuta hakan a littattafansa. Irin wannan tunani ne 'yan Nazi suka ɗauka daga baya suka mayar da shi dokar ƙasa. Ku duba fa: shugaban kulob ɗin da Yahudawa suka kafa, shi ne kuma mai wannan ra'ayi. Tun ranar farko, tsutsar tana cikin goron.

Mu je 1903, inda labarin ya fi daɗi.

A wannan shekara DFB ta shirya gasar zakaran ƙasa ta farko. Ku manta da Bundesliga, ita sai 1963 aka fara ta. Wannan gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, ƙungiyoyi shida kacal: VfB Leipzig, Britannia Berlin, Altona 93, Viktoria 96 Magdeburg, Karlsruher FV, sai DFC Prag a matsayin wakiliyar ƙungiyoyin Jamusawan Prag.

A zagayen farko aka haɗa DFC da Karlsruhe, aka ce a buga a Munich, wato filin da ba na kowa ba. Sai 'yan Prag suka nemi a mayar da wasan garinsu, domin a can za a fi samun kuɗin ƙofa. Karlsruhe ta ce ba ta yarda ba. Aka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure. Da hukuma ta rasa yadda za ta yi, sai ta ce to shi kenan, ku duka biyun ku wuce zagaye na gaba, ku haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, a Leipzig.

Ana cikin shirin tafiya, sai ga saƙon tangaraho ya iso Karlsruhe. Matasa, ba manhajar Telegram ta wayarku nake nufi ba. Saƙon waya ne na da, wanda ake bugawa daga gidan waya zuwa gidan waya, a rubuta a takarda a kawo maka. Saƙon ya zo da sunan hukumar DFB, yana cewa an sake ɗage wasan. 'Yan Karlsruhe suka ajiye jakunkunansu, suka yi zamansu a gida.

Ashe saƙon na bogi ne.

Ranar wasa DFC ta isa Leipzig, babu abokan karawa. Hukuma ta ce ita ba ta aika wa kowa saƙo ba, ta kori Karlsruhe daga gasar. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin sama da shekara 120 ke nan ba a kai ƙarshensa ba, domin har yau ba a tabbatar da wanda ya buga wannan waya ba. Zargi dai, kun san inda ya fi karkata, tunda an san wanda ya ci riba. Amma zargi daban, hujja daban.

Haka DFC ta tsinci kanta a wasan ƙarshe ba ta buga ko minti ɗaya ba. Tsuntsu daga sama gasasshe. Ita kuwa Leipzig sai da ta yi gumi: ta doke Britannia Berlin da ci 3 da 1, ta doke Altona da ci 6 da 3.

Ranar Lahadi 31 ga Mayu 1903 aka buga wasan ƙarshe a Altona, wadda a lokacin gari ne mai zaman kansa, yau kuma unguwa ce a cikin Hamburg. Filin ba sitadiyam ba ne. Filin faretin sojoji ne, aka kewaye shi da igiya. Adadin 'yan kallon da aka fi ambata shi ne 2,000. Alƙalin wasa, Franz Behr, ɗan ƙungiyar Altona ne, wato ƙungiyar da Leipzig ta fitar, kuma shi ne ya yi ɗawainiyar shirya filin. Ana ba da labarin cewa sai da aka yi jinkirin kusan rabin awa kafin a take wasa, saboda ba a samu ƙwallo mai kyau da za a buga da ita ba. Wasan ƙarshe na ƙasa guda fa, jama'a, ana neman ƙwallo.

DFC ake ba wa nasara, domin a lokacin tana cikin ƙungiyoyin da ake shakka a wannan yanki na Turai. Kuma ita ta fara ci, ta hannun ɗan wasanta Meyer. Leipzig ta farke, aka tafi hutun rabin lokaci 1 da 1. Da aka dawo sai labari ya sha bamban. 'Yan Prag suka gaji liƙis, 'yan Leipzig irin su Heinrich Riso da Bruno Stanischewski suka yi ta zazzaga musu. Aka tashi 7 da 2.

Me ya faru da su? Labarin da aka daɗe ana yaɗawa shi ne wai daren jajibirin wasan 'yan Prag sun fita yawon shaƙatawa a unguwar mashaya ta Hamburg, ba su dawo da wuri ba. Ku ɗauke shi a matsayin labarin da ake bayarwa. Abin da ba a musu a kai shi ne ɗaya ƙungiyar ta zo da wasa biyu masu zafi a ƙafarta, ɗayar kuma ta zo da takardar hukuma. Ko a nan akwai darasi: abin da aka samu a ofis, fili ne ke tantance shi.

Af, kafin wani ya tambaya: VfB Leipzig ba ita ce RB Leipzig ba. RB a 2009 aka kafa ta. Magajiyar VfB ita ce Lokomotive Leipzig, wadda ke can ƙananan rukunai.

To, me ya hana DFC ta dawo ta rama? FIFA ce. A watan Mayu na 1904 aka kafa FIFA a Faris, Jamus ta shiga. Tsarin FIFA kuwa shi ne kowace ƙasa da hukumarta. Yau muna ganin Monaco a gasar Faransa, muna ganin Cardiff da Swansea a ta Ingila, amma waɗannan keɓantattu ne da tarihi ya bari. 'Yan Prag ba su samu wannan alfarma ba. Dole DFC ta fita daga DFB, Hueppe ya sauka daga shugabanci. Wannan ne karo na farko da aka ce wa kulob ɗin: ku Jamusawa ne, amma ba na nan ba.

Sai suka koma ƙarƙashin hukumar Ostiriya, kuma a nan ne wani abin dariya ya faru. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, tawagar Ostiriya ta je da 'yan wasan DFC biyar: mai tsaron raga Otto Noll, da Bernhard Graubart, da Ladislaus Kurpiel, da Robert Cimera, da ɗan wasan gaba Robert Merz. Wa aka haɗa su da ita a wasan farko? Jamus. Jamus ce ke gaba da ci 1 da nema a hutun rabin lokaci. Aka tashi Ostiriya 5, Jamus 1. Merz ya ci biyu, Cimera ya ci ɗaya. Yaran kulob ɗin da ya ba Jamus shugaban ƙwallonta na farko, su suka fitar da ita daga neman lambar zinare.

Shekara biyu bayan haka aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Robert Merz ya tafi fagen daga, aka kashe shi a watan Agusta na 1914, a watan farko na yaƙin. Shekararsa 26.

Da yaƙi ya ƙare a 1918, daular Ostiriya da Hangari ta wargaje. Aka kafa sabuwar ƙasa, Cekoslobakiya, Prag ce babban birninta. Ku lura, kulob ɗin bai motsa daga unguwarsa ba, amma ya buga a ƙarƙashin hukumar Jamus, ya buga a ƙarƙashin ta Ostiriya, yanzu ga ta uku. A sabuwar ƙasar akwai Jamusawa sama da miliyan 3, kusan kashi 23 cikin 100 na jama'a, sun ma fi 'yan Slobak yawa. Ƙwallon ƙasar ma bisa ƙabila aka tsara ta: akwai babbar hukuma a sama, a ƙarƙashinta kuma Cekawa da 'yan Slobak da tasu, Jamusawa da tasu, 'yan Hangari da tasu, Yahudawa da tasu, 'yan Foland da tasu.

DFC ta zauna a ɓangaren Jamusawa, ta ci gasarsu sau da dama, babbar abokiyar hamayyarta ita ce Teplitzer FK. Ta zama zakaran ƙasa na ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba a 1931 da 1933. Ta kuma buga babbar gasar ƙasar tare da su Sparta da Slavia, a 1925 da kuma tsakiyar shekarun 1930.

Abin da ya fi burge ni a wannan zamani shi ne su waye ke sa rigar. Duk da sunan, ba a tambayar jininka a bakin ƙofa. Karel Kozeluh, Baceke ne ɗan Prag, ya buga wa DFC. Wannan mutum abin mamaki ne: ya buga wa Ostiriya ƙwallo, ya buga wa Cekoslobakiya, ya ci kofin Turai a wasan hoki na kan ƙanƙara a 1925, sannan ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙwararrun 'yan tanis na duniya. Akwai kuma Paul Mahrer, Bayahude ɗan garin Teplitz, ɗan wasan tsakiya, wanda ya buga wa Cekoslobakiya wasa shida, ya je Olamfik ta 1924 a Faris, ya je Amurka ya buga, ya dawo. Ku riƙe sunansa.

A 1933 Hitler ya hau mulki a Jamus. A wannan shekarar wani malamin motsa jiki mai suna Konrad Henlein ya kafa ƙungiyar siyasa ta Jamusawan Cekoslobakiya, waɗanda ake kira Jamusawan Sudeten. Tattalin arziki ya karye, masana'antun yankunan Jamusawa sun rufe, matasa ba aikin yi, kuma suna da ƙorafi na gaske cewa gwamnatin Prag ta fi kula da Cekawa. Henlein ya hau kan wannan ƙorafi. A zaɓen 1935 jam'iyyarsa ta fi kowace jam'iyya a ƙasar yawan ƙuri'u, ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Jamusawa. Kuɗi na zuwa mata daga Berlin.

Daga nan ma'anar kalmar Bajamushe ta fara canzawa. Da, in kana jin harshen, ka yi makarantar, kana karanta jaridar, kai Bajamushe ne. Yanzu an koma maganar jini. Ƙungiyoyin wasanni na Jamusawa suka riƙa bin Henlein ɗaya bayan ɗaya. Aka matsa wa DFC ita ma ta bi sahu. Bin sahu kuwa yana nufin ta kori mutanen da suka kafa ta, da masu biyan kuɗin tafiyar da ita, da 'yan wasanta. DFC ta ƙi.

Ku ɗan tsaya ku auna matsayin waɗannan mutane. A wurin masu zafin kishin Cek, su Jamusawa ne. A wurin masu zafin kishin Jamus, su Yahudawa ne. Gaba kura, baya sayaki.

Ferdinand Hueppe ya mutu a Dresden ranar 15 ga Satumba 1938. Mako biyu bayan haka, shugabannin Jamus da Italiya da Birtaniya da Faransa suka zauna a Munich suka yanke yankin Sudeten suka miƙa wa Hitler, ba tare da an ba Cekoslobakiya kujera a teburin ba. Prag ba ta cikin yankin da aka yanke, amma jinkiri ne kawai. Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga birnin. A wannan shekara DFC ta zo ƙarshe, tana da shekara 43. Masu mulkin Nazi suka kafa nasu ƙungiyoyin wasanni na Jamusawa a Prag, waɗanda Bayahude ba ya ko leƙa ƙofarsu.

Mutanen kulob ɗin fa? Wasu sun samu sun tsere. Da yawa ba su samu ba. Kimanin kilomita 60 arewa da Prag akwai wani tsohon garin soja mai ganuwa, Terezin, Jamusawa na ce masa Theresienstadt. 'Yan Nazi suka mayar da shi sansanin tara Yahudawa. Kimanin mutum 140,000 aka kai can. Kusan 33,000 suka mutu a cikinsa saboda yunwa da cuta, kusan 88,000 aka wuce da su gabas, mafi yawa zuwa sansanonin kisa irin su Auschwitz.

A 1943 aka kai Paul Mahrer Terezin. Kuma abin da zai ba ku mamaki, a cikin wannan wuri an buga gasar ƙwallo. Fursunonin ne suka shirya ta. Mutum bakwai-bakwai, a tsakar gidan wani barikin soja, 'yan kallo na leƙowa daga barandar benaye. Sunayen ƙungiyoyin na wuraren aikinsu ne: masu dafa abinci, masu lambu, masu gyaran lantarki, masu kula da ɗakin tufafi. Mahrer, tsohon ɗan wasan ƙasa mai shekara 43, ya shiga cikin harkar.

'Yan Nazi sun bari ne don abin ya yi musu amfani. A 1944 suka tilasta wa wani fursuna, shahararren ɗan fim Kurt Gerron, ya shirya fim ɗin farfaganda da zai nuna wa duniya cewa Yahudawa na zaune lafiya. A cikin fim ɗin akwai wasan ƙwallo a wannan tsakar gida, mutane na tafi suna murna. Makonni kaɗan bayan an gama ɗauka, aka kwashe akasarin waɗanda suka fito a ciki zuwa Auschwitz, har da shi Gerron ɗin, aka kashe shi a can. Paul Mahrer na cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Bayan yaƙi ya koma Amurka, ya rasu a 1985.

A Prag akwai wani tsohon wurin ibadar Yahudawa, Pinkas, inda aka rubuta sunayen mutanen Bohemiya da Morabiya da aka kashe a jikin bango, suna kusan 78,000. A irin wannan jeri ne al'ummar da ta haifi DFC ta ƙare.

Wani zai ce to da aka ci Hitler da yaƙi a 1945, me ya hana a farfaɗo da kulob ɗin? Wa zai farfaɗo da shi? Bayan yaƙi, Cekoslobakiya ta kori Jamusawanta, kusan mutum miliyan 3, tsakanin 1945 da 1946, wanda ya goyi bayan Hitler da wanda bai goya ba. Abin takaicin ma, wasu Yahudawan da suka tsira daga sansani suka dawo gida, sai aka duba takardun ƙidayar 1930 aka ga sun rubuta cewa su Jamusawa ne, aka yi musu kallon Jamusawa, wasu suka sha wahala kafin a mayar musu da takardar zama ɗan ƙasa. Jiya an kama ka don an ce kai ba Bajamushe ba ne, yau ana tuhumarka don an ce kai Bajamushe ne.

Daga 1948 kuma 'yan gurguzu suka karɓi mulki har 1989. A Prag babu mai son tuna wani abu mai sunan Jamusawa. A Jamus kuwa DFC ta zama layi ɗaya a littafin ƙididdiga: 1903, Leipzig 7, Prag 2. Kulob yana rayuwa ne a bakin magoya bayansa, uba ya ba ɗa labari, ɗa ya ba jika. Idan aka kashe rabin magoya bayan aka kori sauran, babu mai ba da labarin.

Sai a 2016 wasu masu sha'awar tarihi da ƙwallo a Prag, Cekawa da Jamusawa, suka sake rajistar sunan DFC Prag. Ba su yi don su kara da Sparta ko Slavia ba. Ƙungiya ce ta yara, ana koya musu ƙwallo cikin shuɗi da fari, ana gaya musu su waye suka fara sa wannan riga.

Jama'a, da na fara haɗa wannan shiri, niyyata in ba ku labarin tangarahon bogi mu yi dariya mu tashi. Amma da na bi labarin zuwa ƙarshe, abin da ya tsaya min a rai daban ne. Waɗanda suka kafa DFC sun sa mata sunan Jamusawa da hannunsu, suna alfahari da shi. Sun taimaka an kafa DFB. Sun buga wasan ƙarshe na farko. Duk wannan bai hana wata rana wasu su zo su ce su ne masu tantance ɗan asali da bare ba, kuma ma'aunin da suka zo da shi ya fitar da masu gidan waje. Ba a dare ɗaya aka yi ba. An fara ne da rubuce-rubucen farfesoshi irin su Hueppe, aka bi da yunwa da rashin aiki, aka samu ɗan siyasar da ya iya juya ƙorafi ya zama ƙiyayya, sannan ƙungiyoyi suka riƙa miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya saboda kowa na tsoron a bar shi a baya. DFC ta sha kashi 7 da 2 a wasan da aka fi saninta da shi, kuma ta kai wasan ne ta hanyar da har yau ake ɗaga gira a kai. Amma ranar da aka ce ta kori nata don ta tsira, ta ce a'a. Ni dai da wannan nake so ku riƙa tuna ta.

A nan za mu dakata. Tambayar wannan makon: a ganinku wa ya buga wa Karlsruhe wancan tangaraho? Kuma wace tsohuwar ƙungiya ce da ta ɓace kuke so mu tono tarihinta a shiri na gaba? Ku rubuta mana a ƙasa, ku kuma tura wa abokanku masu son tamaula. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya raba mu da fitinar ƙabilanci. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.